Ɗanmu Mai Burin Zama Likita: Karatunsa, Wasansa da Abokansa

Jawabin da aka gabatar a taron malamai da iyalansu na reshenmu, a Dogarawa, ƙaramar hukumar Sabon Gari

 

An ɗora mini nauyin yin magana a kan yaro ko yarinyar da suke sakandare, suka ƙudurta a ransu cewa aikin likita za su karanta, da yadda za su raba lokacinsu tsakanin littafi, da abin da suke sha'awar yi, da abokan zamansu. Da wuya a sami gidan malami a ƙasar nan da babu irin wannan yaro a cikinsa, don haka maganar tamu ce gaba ɗaya. Abin da na zo da shi a taƙaice shi ne: yaron da ke neman likitanci yana bukatar a tsara masa yininsa. Ƙwace masa wasa da sana'ar hannu da abokai, a bar shi da littafi kaɗai, ba ya kai shi Shika, kuma ko ya kai shi, ba irin likitan da muke son ya duba iyayenmu zai zama ba.

Mu fara da duba hanyar da yaron ya zaɓa. Daga nan Dogarawa, in ka isa Kwangila ka miƙe hanyar Samaru, ka wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ba ka yi wani nisa ba sai ga ka a Shika, inda asibitin koyarwa na jami'ar yake. An kafa jami'ar a 1962, aka buɗe tsangayar koyar da aikin likita a 1967. 'Ya'yanmu sun tashi suna shiga bas ɗaya da ɗaliban likitanci, suna ganin fararen rigunansu a ninke bisa cinya. Ba abin mamaki ba ne idan yaron Dogarawa ya ce shi ma can zai je. Sai dai wurin da mota take kai wa cikin ƙasa da awa guda, takarda tana ɗaukar shekaru kafin ta kai mutum.

Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. A jarrabawar JAMB kuwa, darussa 4 zai rubuta, wato Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, jimillar maki 400. Tun daga 2015 a kwamfuta ake rubuta ta baki ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, in ka raba za ka ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Bayan wannan akwai tantancewar jami'a. Hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa masu neman gurbi kullum suke ninka guraben, kuma yaro kan ci maki mai kyau amma bai samu ba. Wanda ya samu, shekara 6 ce a gabansa idan babu yajin aiki kuma bai maimaita aji ba, sannan shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan shekara 1 ta yi wa ƙasa hidima. Yaron da yake aji 2 na babbar sakandare yau yana da shekara 16, zai doshi 26 kafin ya tsaya da ƙafarsa a matsayin likita.

Na kawo wannan lissafi ne don mu gane cewa tafiya ce ta shekara 10. Mai tafiyar shekara 10 ba ya fita da gudun mai tseren yadi 100. Yaron da aka matse tun yana aji 1, aka hana shi barci da wasa, yakan iso jarrabawa a galabaice, ko ya shiga jami'a ƙarfinsa ya riga ya ƙare, alhali a nan ne aikin yake farawa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

To, yaya yinin yaron yake? Mu ɗauki yarinya 'yar aji 2 a nan Dogarawa, mu ƙirga mata awa 24 ɗinta. Masana lafiyar yara sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Mu ba ta mafi ƙaranci, awa 8. Makaranta da zuwa da dawowa, awa 8. Islamiyya da yamma, ko ayyukan coci ga 'yan'uwanmu Kirista, awa 2. Aikin gida, da ɗebo ruwa, da wanke-wanke, da cin abinci, da ibada, a ƙalla awa 3. Abin da ya rage awa 3 ne. A kan waɗannan awa 3 ake duk rigimar da ake yi a gidajenmu. Uba yana son dukkansu su tafi ga littafi, ƙawaye suna kira, waya tana ƙara, ga kuma wutar lantarki da ba ta da alƙawari.

Iyaye da yawa, idan suka ga awa 3 ta yi kaɗan, sai su gutsuro daga barci. A tashi yaro ƙarfe 2 na dare, a ba shi shayi mai kauri ko goro, a ce ya yi ta karatu har asuba. Mu malamai mun san sakamakon haka, domin mu ne muke ganin yaran da suke gyangyaɗi a darasin farko. Lokacin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Wanda ya hana ta barci kamar mai zuba hatsi ne a rumbun da ba a liƙe gindinsa ba. Awa 2 ta karatu kullum, ido a buɗe, da biro a hannu ana warware tambayoyin Fizis da Kemistiri, ana rufe littafi a gwada tuna abin da aka karanta, ta fi awa 6 ta zura wa shafi ido ana hamma. Idan aka riƙe awa 2 ɗin nan tun daga aji 1 har zuwa aji 3, aka ƙara da safiyar Asabar da ranakun da babu Islamiyya, to ta isa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Awa 1 da ta rage kuwa ta yaron ce, kuma a kanta nake son in ɗan daɗe.

Akwai masu cewa taura biyu ba ta taunuwa, wai mai son likitanci ba shi da lokacin ƙwallo ko ɗinki. Gaskiya ne ba a tauna su tare, amma ana tauna ɗaya bayan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami a ƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Ƙwallon da yaranmu suke bugawa a filin makaranta bayan la'asar, da langa, da tseren keke, da noman da suke taya iyaye da damina, duk suna cikin wannan. Abin kunya ne a ce mai shirin koya wa jama'a kiwon lafiya shi aka fara hana kula da lafiyarsa.

Sana'ar hannu ma haka. Ƙasar Zazzau ta yi suna a ɗinkin babbar riga da hula. Yaron da ya iya riƙe allura ya fitar da aska takwas ba tare da zare ya karkace ba, ya koyi haƙuri, da natsuwa, da daidaita ido da yatsa. Likita ma ɗinki yake yi, fata yake ɗinkewa, jijiya yake nema da allura a hannun jariri. Yarinyar da take saƙa ko zanen lalle, da yaron da yake kwance rediyo ya mayar, da mai kiwon zomo ko tattabaru yana lura da wadda ta daina cin abinci, dukkansu suna horar da ido da hannu. Mai zane zai ga amfanin zanensa ranar da aka ce ya zana zuciya da jijiyoyinta. Mai buga dara ya saba da tunanin abin da zai biyo baya kafin ya ɗaga ɗa. Mai shiga muhawara ko wasan kwaikwayo a makaranta yana koyon tsayuwa gaban jama'a, kuma ɗalibin likitanci a gaban malamansa yake tsayawa ya bayyana abin da ya gano a jikin majiyyaci, a ba shi maki a kan haka. Ban da wannan duka, sana'a takan saya wa yaro littafi da fom ɗin jarrabawa a watan da albashi ya makara, kuma mu a ɗakin nan ba ma bukatar a yi mana bayanin wannan.

Sai dai a rarrabe tsakanin abin sha'awar da yake gina yaro da wanda yake cinye shi. Alamar tana da sauƙi: wanda yake ginawa yana da lokacin farawa da na gamawa, kuma yaro yakan tashi daga gare shi da kuzari. Wasan ƙwallo yana ƙarewa da kiran magariba. TikTok ba shi da magariba. Gidan kallon ƙwallon Turai da ake tashi ƙarfe 11 na dare a tsakiyar mako yana cin barcin yaro, kuma a irin wuraren nan ne da yawa suke fara koyon cacar ƙwallo ta waya. Ban ce a ƙwace waya ba, domin a kanta yaro yake gwada tambayoyin JAMB na shekarun baya, kuma wanda zai rubuta jarrabawa a kwamfuta dole ya saba da allo da madannai. Amma wayar ta kwana a ɗakin uwa ko uba. Wannan doka ɗaya tak, in aka tsaya a kanta, takan gyara abubuwa da yawa.

Mu zo kan abokai. Tsoron da iyaye suke ji yana da dalili. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma mun ga abin da shaye-shaye ya yi wa matasan Arewa, har gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai sinadarin kodin da shigo da shi a 2018. Amma maganin mugun aboki shi ne abokin kirki. Kulle yaro a ɗaki ba ya raba shi da abokai, sai dai ya mayar da su cikin waya, inda uba ba ya ganin fuskarsu, bai kuma san 'ya'yan wane ne ba. Gara a buɗe zaure ko tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, abokai 3 ko 4 su zo su yi karatu tare sau 2 a mako. Wanda ya fi gane Kemistiri ya koya wa saura, wanda ya fi Lissafi ya rama musu. Duk malami ya san cewa ba ka gama fahimtar darasi sai ranar da ka koyar da shi. In sun gama, a bar su su yi hira su yi dariya, uwa ta kawo musu kunu ko gyaɗa. Ta haka za ta san su waye abokan ɗanta ba tare da ta yi masa bincike ba.

Kada kuma mu ce sai 'yan ajin kimiyya kaɗai zai yi abota da su. Yaron da suka tashi tare wanda yanzu yake koyon kanikanci, ko wadda take koyon ɗinki a kasuwar Sabon Gari, in dai masu tarbiyya ne, a bar zumuncinsu. Sabon Gari da Samaru wuri ne da Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da Bafulatani da mutanen kudancin Kaduna suke zaune tare, Musulmi da Kirista. Layin ganin likita a Shika ma haka yake, har da mutanen ƙauyukan Giwa da na jihohin maƙwabta. Likita da tambaya yake fara aikinsa kafin ya taɓa jiki: me ke damun ka, tun yaushe, me aka sha a gida? Tsohuwar da ta ce tana fama da daji, ko shawara, ko sanyi, sai wanda ya zauna da mutane ne zai san abin da take nufi, ya kuma iya yi mata bayani da harshen da za ta gane ba tare da ya raina ta ba. Ba a koyon wannan a littafin Bayoloji. A cikin jama'a ake koyon sa, tun ana yara.

Tarihin garin nan ma ya nuna mana cewa likitan kirki ba rufaffen mutum ba ne. Dakta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ɗan ƙasar Zazzau ne, shi ne likita na farko daga Arewacin Nijeriya. Ya yi karatu a King's College ta Legas, sannan Jami'ar Birmingham ta Ingila. Da ya dawo bai tsaya ga asibiti kaɗai ba, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Yakubu Gowon, yau kuma asibitin koyarwa na Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma zama ministan harkokin waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Waɗannan mutane sun san littafi, sun kuma san mutane.

Ina da magana ta musamman a kan 'ya'yanmu mata. Kowa ya san yadda matanmu suke fatan samun likita mace, musamman a ɗakin haihuwa, da yadda wasu suke jinkirin zuwa asibiti saboda kunya har ciwo ya yi nisa. Amma a gidajenmu, waccan awa 3 da muka ƙirga, ta namiji takan tsira, ta mace kuwa girki da raino su cinye ta. Ba za mu nemi likita mace a Shika ba alhali mun hana 'yar gidanmu awa 2 ta karatu. A raba aikin gida da adalci. Ɗa namiji ba ya raguwa don ya ɗebo ruwa ko ya yi shara. Ita ma yarinyar tana da haƙƙin awarta ta hutu da ƙawayenta.

Sai batun da ya fi nauyi. Wani lokaci burin ba na yaron ba ne, namu ne. Tun yana firamare muka laƙaba masa Dakta, dangi suka ɗauka, har ya zama ba shi da bakin cewa shi Lissafi ko aikin gona ko koyarwa ya fi so. Irin wannan matsi ne yake tura wasu iyaye su kai 'ya'yansu cibiyoyin da ake sayar da amsa. Ina roƙon mu da girman Allah, kada ɗan malami ya taka irin wurin nan. Kiredit ɗin da aka saya ba ya bin yaro ɗakin gwaji, kuma a makarantar likitanci wanda ya kasa cin jarrabawa bayan damar da aka ba shi sallamar sa ake yi. In kuwa ya sulale ya fita, to ran ɗan Adam za a damƙa masa, wataƙila ma namu.

Idan yaro ya yi iya ƙoƙarinsa bai sami gurbi ba, duniya ba ta tashi ba. Yana iya sake rubuta JAMB. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtua. Akwai aikin jinya, da ilimin haɗa magunguna, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da likitancin dabbobi, duk a jami'ar nan tamu, ga kuma makarantar kiwon lafiya ta Maƙarfi. Asibiti ba ya tafiya da likita shi kaɗai. Wani hanin ga Allah baiwa ne. A irin wannan rana ce ake gane amfanin abin da muke ta faɗa tun ɗazu, domin yaron da yake da sana'a a hannu da abokan da za su dafa shi yakan miƙe ya sake gwadawa. Wanda aka nuna wa cewa darajarsa duka tana cikin kalma ɗaya, in ya rasa ta, shi ne yake shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Mu lura da yaron da ya daina cin abinci, ya daina magana, ya daina wasan da ya saba. A zauna da shi, in abin ya ci tura a kai shi asibiti, domin damuwa ma ciwo ce kuma tana da magani.

'Yan'uwana malaman firamare, kada mu ɗauka maganar ta malaman sakandare ce kaɗai. Yaron da zai karanta tambaya ya fahimce ta ya amsa cikin daƙiƙa 40, a aji 2 da aji 3 na firamare ya koyi karatu. Wanda zai warware lissafin Kemistiri, a hannunmu ya koyi rabawa da kaso. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu daina mayar da lokacin motsa jiki da na sana'ar hannu lokacin kwafar rubutu daga allo. Yaron da ya tambaye mu me ya sa ganye yake kore, kada mu ce ya yi shiru, mu fita da shi gindin bishiya.

Ina kuma miƙa wa shugabannin reshe shawarwari guda 3. Na farko, a cikinmu da iyalanmu akwai waɗanda suka ƙware a Lissafi da kimiyya, a tsara darasin safiyar Asabar kyauta ga 'ya'yan 'yan ƙungiya da suke babbar sakandare, a ɗaya daga cikin makarantunmu, a tashi kafin azahar. Na biyu, a nemi wasu daga cikin tsofaffin ɗalibanmu da suke karatu ko aiki a Shika su zo sau ɗaya a zango su zauna da yaran nan, su gaya musu gaskiyar abin da ke ciki, daɗinsa da wuyarsa. Na uku, a buɗe ɗan asusu na taimakon juna don sayen fom da littattafai ga marayun 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuke baya, ga taku. Kada ku fake da jawabin nan ku ce malam ya ce a yi ta wasa. Awa 2 ɗin karatu bashi ce a kanku kullum, ku biya ta kafin ku taɓa ƙwallo ko waya. Ku rubuta jadawalinku da hannunku, ku manna a bango, ku nuna wa iyayenku, sannan ku cika alƙawari. Yaron da ya cika alƙawarin karatu, da wuya uba ya hana shi fili. Ku zaɓi abokin da in kun ce za ku tashi ku yi karatu ba zai yi muku dariya ba. Ku girmama malamanku, ku riƙe ibada, ku yi barci da wuri.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya zaɓa musu abin da ya fi alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan malamanmu da suka rasu, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya.